Yadda Ake Tura Bayanan Na'urar CPAP Zuwa Kwamfutar Gida Ba Tare da Zare Kati Ba

Akwai tambayar da ke yawan dawowa gare ni daga masu kwana da CPAP, wato na'urar da ke hura iska ta takunkumi ga masu fama da ɗaukewar numfashi a cikin barci: shin akwai hanyar da bayanan daren jiya za su iso kwamfuta da kansu, ba sai mutum ya zare katin SD, wato ƙaramin katin ajiyar bayanai da ke jikin na'urar, kowace safiya ya kai ya dawo da shi ba? Akwai, kuma ba ta da wahala, sai dai tana da matakan da idan aka gabatar da na baya a kan na gaba ake ɓata lokaci, wani lokaci har a yi asarar bayanan watanni.

Masu wannan tambaya ba lalaci ke damun su ba. Duk wanda ya daɗe yana zare kati ya san ranar da ya manta shi a jikin kwamfuta, ya kwanta, gari ya waye na'urar ba ta rubuta cikakken bayanin daren a ko'ina ba, kuma wannan dare ya tafi ke nan. Ga shi kuma ramin katin ba ya son yawan cusawa da zarewa.

Kafin a sayi komai, a kawar da wata rashin fahimta. Na'urori irin su ResMed AirSense 10 da AirSense 11 suna da layin sadarwa a cikinsu, amma layin salula ne da ke aika rahoto zuwa rumbun kamfani, inda likita ke gani ta shafin kamfanin mai suna AirView, mai na'ura kuma ya ga taƙaitaccen maki ta manhajar myAir. Wannan layi ba ya magana da kwamfutar gidanka, kuma ba ya ɗauke da zanen numfashinka ɗaya bayan ɗaya. Cikakken bayani a katin SD yake zaune. Saboda haka dabarar duka ita ce a sa wa na'urar kati mai Wi-Fi a jikinsa, kwamfuta ta riƙa karanta shi daga nesa, tana ɗauka ba ta ajiye komai a kansa.

Kayan aiki da abin da za su ci

Ana buƙatar katin SD mai Wi-Fi, da kwamfuta mai Windows ko Mac ko Linux, da abin karanta kati na USB idan kwamfutar ba ta da ramin SD, sai manhajar OSCAR wadda ke mayar da fayilolin na'urar su zama zane da alƙaluma. OSCAR kyauta ce, haka ma ƙananan manhajojin da ke kwaso fayiloli daga kati. Kuɗin duka a kan katin yake tafiya, sai kuma ɗan makalen Wi-Fi na USB idan tsarin da ka zaɓa ya buƙace shi, wanda shi ma ba shi da tsada. Babu kuɗin wata-wata, kuma bayan an gama saiti aikin ba ya buƙatar intanet.

1. Duba na'urarka tukuna

Nemo ramin kati a jikin na'urar. A AirSense 10 da AirCurve 10 yana gefe a ƙarƙashin wani ɗan murfi, kuma katin SD cikakken girma yake karɓa. Idan na'urarka ƙaramar ta tafiye-tafiye ce irin AirMini, ba ta da ramin kati ko kaɗan, don haka wannan jagora ba ta shafe ta ba. Daga nan sai ka duba jerin na'urorin da OSCAR ke iya karantawa a shafin manhajar, ka tabbatar sunan taka da lambar samfurinta suna ciki, domin akwai samfura masu araha da ba sa rubuta komai sai adadin sa'o'in amfani, kuma babu katin da zai fito da abin da ba a rubuta ba.

Gargaɗi ga masu AirSense 11: katin Wi-Fi yana jan wuta fiye da kati na yau da kullum, kuma masu wannan samfuri da yawa sun ga na'urar tana nuna saƙon matsalar kati, ko Wi-Fi ɗin katin ya riƙa ɗaukewa. Idan ita ce taka, sayi katin daga inda za a karɓa idan bai yi aiki ba, kuma kada ka dogara da shi sai ya yi mako guda ba tare da tangarɗa ba.

2. Zaɓi kati

Iri biyu ne suka yi suna a wannan aiki, kuma bambancinsu ne zai tsara duk abin da zai biyo baya.

Na farko shi ne Toshiba FlashAir, musamman samfurin W-03 da W-04. Fifikonsa shi ne yana iya shiga Wi-Fi ɗin gida kamar yadda waya ko talabijin ke shiga, ta yadda kowace kwamfuta a gidan za ta same shi ba tare da ta bar intanet ba. Matsalarsa an daina ƙera shi, sai dai na hannu ko ragowar kaya, farashinsa kuma ya ninka na kati na yau da kullum sau da yawa. Inda kaya ya yi ƙaranci jabu ba ya rasawa, don haka a yi hattara da mai sayarwa.

Na biyu shi ne ez Share, wanda ake samu a matsayin cikakken kati ko kuma gidan kati da ake zura ƙaramin microSD a ciki. Ya fi arha kuma ya fi sauƙin samu, amma ba ya shiga Wi-Fi ɗin gida. Nasa Wi-Fi yake kafawa, kwamfuta ce za ta bar na gida ta koma nasa, ta kwashi fayiloli, sannan ta dawo. A ganina wanda ya samu FlashAir na gaskiya a farashin da hankali zai ɗauka ya saya, domin ya fi kwanciyar hankali a tsawon lokaci. Wanda bai samu ba kada ya tsaya jira, ez Share yana yin aikin, illa dai yana buƙatar ƙarin dabara a mataki na 9.

Kowanne ka zaɓa, kada girmansa ya wuce gigabait 32. Katin da ya wuce haka da tsarin ajiye fayiloli na exFAT yake zuwa, waɗannan na'urori kuwa tsarin FAT32 suka sani. Babu ma dalilin neman babba: barcin sa'o'i 8 a na'urar ResMed megabait 3 ne ko ɗan fiye, wato shekara guda ba ta cika gigabait 2 ba, kuma kati mai gigabait 8 zai yi shekaru bai cika ba.

3. Kwafe tsohon kati kafin ka taɓa komai

Wannan shi ne matakin da mutane suka fi tsallakewa, kuma shi ne wanda ba a gyara shi idan an yi kuskure. Kashe iskar na'urar, ka jira fitilar da ke kusa da ramin katin ta daina ƙyaftawa, sannan ka zare katin. Kafin ka sa shi a kwamfuta, ja ɗan maɓallin kulle da ke gefensa zuwa ƙasa, domin Windows da Mac suna da halin ajiye ɓoyayyun fayilolinsu a kan duk katin da suka gani, kuma tsofaffin na'urori irin ResMed S9 sukan ƙi katin da aka yi wa haka, su nemi a goge shi.

Buɗe folda a kwamfuta, ka sa mata suna da kwanan wata, ka kwafe duk abin da ke katin zuwa ciki, ba wani sashe ba. Sannan ka saka OSCAR, ka buɗe bayanin mai amfani, ka shigar da tsohon katin gaba ɗaya domin tarihinka ya zauna a manhajar. Adana tsohon katin a wuri mai kyau kada ka goge shi. Shi ne za ka mayar cikin na'urar a duk daren da sabon ya ba ka matsala, amma ka tuna buɗe kullen kafin ka mayar, don na'ura ba ta iya rubutu a kan kulallen kati.

4. Bari na'ura ta fara sanin sabon katin

Idan ez Share mai gida ne, yi wa ƙaramin microSD ɗin fomat na FAT32 a kwamfuta, ka zura shi cikin gidan har ya zauna daram. Idan FlashAir ne sabo, ba ya buƙatar fomat. Idan na hannu ne, goge hotuna da sauran tarkacen mai shi na da.

Sa katin a na'urar tana jone da wuta amma ba ta hura iska. Za ta ɗan ɗauki lokaci tana shirya shi, tana rubuta fayilolinta da taƙaitaccen tarihin da ke ƙwaƙwalwarta. Kada ka zare shi kuma kada ka cire filogi har sai fitilar ta tsaya. Dalilin gabatar da wannan a kan saitin Wi-Fi shi ne, idan na'urar za ta nemi goge katin, gara ta goge shi yanzu da babu komai a kai. Bayan ta gama, zare shi ka duba a kwamfuta. A na'urar ResMed za ka ga fayil mai suna STR.edf, da fayilolin Identification, da foldar SETTINGS, sannan foldar DATALOG inda bayanan kowane dare za su riƙa taruwa. A Philips DreamStation komai yana cikin folda mai suna P-Series.

5. Saita Wi-Fi ɗin katin

Ga mai ez Share, mayar da katin cikin na'urar, ka jira kamar minti ɗaya, sannan ka duba jerin Wi-Fi a kwamfuta. Za ka ga suna ez Share, kalmar sirrinsa ta asali kuma takwas ce sau takwas, wato 88888888. Shiga, ka buɗe burauza ka rubuta 192.168.4.1, ka je shafin saiti wanda kalmar shigarsa ta asali ita ce admin. Canja sunan Wi-Fi ɗin da kalmar sirri nan take. Duk wanda ya taɓa riƙe irin katin nan ya san waɗannan takwas-takwas ɗin, abin da ke kan katin kuwa bayanin lafiyarka ne, har da lokacin kwanciyarka da tashinka a kowace rana. Kwamfuta za ta yi ƙorafin cewa wannan Wi-Fi ba shi da intanet, kuma gaskiyarta ce, ba matsala ba ce.

Ga mai FlashAir aikin ya fi tsawo, amma sau ɗaya ake yin sa. Sa katin a kwamfuta, ka umarci kwamfutar ta nuna ɓoyayyun fayiloli, za ka ga folda mai suna SD_WLAN da fayil CONFIG a cikinta. Ajiye kwafin wannan fayil a kwamfuta tukuna. Sannan ka buɗe shi da manhajar rubutu mara ado irin Notepad, ban da Word, ka gyara ko ka ƙara waɗannan layuka a ƙarƙashin waɗanda ka tarar, ba tare da ka taɓa layukan CID da VERSION ba:

APPMODE=5
APPSSID=sunan Wi-Fi ɗin gidanka
APPNETWORKKEY=kalmar sirrinsa
APPNAME=flashair
APPAUTOTIME=0
WEBDAV=1

Layin farko shi ne ke gaya wa katin ya shiga Wi-Fi ɗin gida maimakon ya kafa nasa. APPAUTOTIME=0 yana hana shi kashe Wi-Fi idan an daɗe ba a neme shi ba, domin a saitinsa na asali minti 5 kawai yake jira. WEBDAV=1 kuma yana ba kwamfuta damar ganin katin kamar wani faifai, amma don karatu kaɗai. Kada ka sa 2 a wurin, kuma kada ka ƙara layin da ke ba da izinin ɗora fayiloli. Na'urar tana ɗauka ita kaɗai ce ke rubutu a katin, kuma idan hannu biyu suka haɗu a kansa a lokaci guda tsarin fayilolin na iya lalacewa.

Rubuta sunan Wi-Fi daidai da yadda yake, babban baƙi a inda yake babba, kuma kada ka bar fili kafin alamar daidai (=) ko bayanta. Tabbatar manhajar ba ta liƙa wa sunan fayil ɗin .txt a ƙarshe ba lokacin ajiyewa. Idan daga baya ka buɗe fayil ɗin ka tarar kalmar sirri ta koma taurari, katin ne ya ɓoye ta, alama ce ya karanta saitin.

Wani gargaɗi da ya shafi rauta, wato akwatin da ke raba Wi-Fi a gida: katunan nan zangon 2.4 GHz kaɗai suka sani, ba sa ganin na 5 GHz, kuma ba sa shiga Wi-Fi da aka kulle da WPA3 zalla. Idan FlashAir ya ƙi shiga, je saitin rauta ka tabbatar zangon 2.4 yana kunne kuma tsaron WPA2 ne ko haɗin biyun. Tunda ka shiga saitin, ware wa katin adireshin IP na dindindin, wato lambar da ake samun sa da ita a Wi-Fi ɗin gida, don kada rauta ta canja masa lamba wata rana manhajarka ta neme shi ta rasa.

6. Gwada da rana, kada ka jira dare

Mayar da katin, ka sa takunkumi, ka kunna iska na minti 5 ko 10 kana zaune, sannan ka kashe. Je kwamfuta ka buɗe burauza. Ga FlashAir rubuta http://flashair ko adireshin da ka ware masa. Ga ez Share shiga Wi-Fi ɗinsa, kuma da yake shafinsa na farko don masu kyamara aka yi shi, hotuna kawai yake nema, sai ka rubuta 192.168.4.1/dir?dir=A: domin ganin jerin foldoji. Shiga DATALOG, ka nemi folda mai kwanan wata a tsarin shekara, wata, rana, misali 20240315, ka ga ko sababbin fayiloli sun bayyana.

Yi wannan gwaji daga ainihin wurin da kwamfutar za ta zauna. Eriyar katin ƙanƙanuwa ce, kuma tana binne a cikin na'ura, don haka siginarsa ba ta da ƙarfi. Bango ɗaya yakan wuce, biyu kuwa sai an yi sa'a. Idan shafin yana buɗewa da ƙyar, matsar da na'urar daga bayan katako ko ƙarfen gado, ko ka juya gefen da katin yake ya fuskanci inda rauta ko kwamfutar take.

7. Kwaso fayiloli zuwa folda guda

Buɗe folda ta dindindin a kwamfuta wadda za ta zama madubin katin. Tsarin cikinta dole ya yi daidai da na katin: STR.edf da fayilolin Identification a sama, SETTINGS da DATALOG a gefensu, foldojin kwanaki kuma a cikin DATALOG da sunayensu na asali. Idan ka zuba fayilolin a wuri guda, ko ka canja wa folda suna don ta yi maka daɗin karantawa, OSCAR ba za ta gane cewa katin CPAP ba ne.

Ana iya saukewa da hannu ta burauza, amma dare ɗaya yana da fayiloli da dama, kuma duk lokacin da ka kashe na'ura ka sake kunnawa sabon rukuni take buɗewa. Wanda sunansa ya ƙare da BRP shi ne mafi girma, yana ɗauke da shigar iska da fitarta sau 25 a kowace daƙiƙa. PLD yana riƙe matsin iska da yoyon takunkumi, EVE kuma shi ne jerin lokutan da numfashi ya tsaya ko ya ragu. Barin ɗaya daga ciki yana nufin zane mai giɓi. Saboda haka gara a bar wa manhaja aikin. Masu FlashAir suna da FlashPAP, wadda aka rubuta musamman domin wannan, ko kuma su haɗa katin da Windows a matsayin faifan netwok ta hanyar WebDAV ɗin da aka kunna a mataki na 5. Masu ez Share kuma akwai ƙananan shirye-shirye na kyauta da aka rubuta da harshen kwamfuta na Python ake samu a GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye ayyukansu, waɗanda ke shiga Wi-Fi ɗin katin, su sauke sababbin fayiloli, su mayar da kwamfuta kan Wi-Fi ɗin gida. Duk wanda za ka ɗauka, ɗauke shi daga shafin marubucinsa, kuma ka karanta bayaninsa ka ga ya ambaci samfurin na'urarka.

Akwai kuskure ɗaya da ke rikita mutane a nan fiye da kowanne. Foldojin kwanakin da suka wuce ba sa canjawa, sau ɗaya ake sauke su, amma STR.edf sunansa ɗaya ne kullum alhali na'urar tana sabunta abin da ke cikinsa kowace rana. Idan manhajar kwafi ta ga akwai fayil mai wannan suna a kwamfuta ta tsallake shi, za ka samu zanen daren jiya babu saitin na'ura a tare da shi, ko ma daren ya ƙi fitowa daidai. Dole a sake sauke STR.edf a kowane zagaye, haka ma foldar rana ta ƙarshe, domin barcin rana na iya ƙara mata fayiloli.

Kada ka taɓa zaɓar tsarin kwafi mai daidaita ɓangarori biyu. Hanya ɗaya ce, daga kati zuwa kwamfuta. Mai amfani da robocopy, umarnin kwafin fayiloli na Windows, ya guji zaɓin /MIR, domin yana goge duk abin da ke kwamfuta wanda babu shi a kati, ranar da aka yi wa katin fomat kuwa zai share maka tarihin da ka tara.

8. Shigar da su cikin OSCAR

Buɗe OSCAR ka danna alamar shigo da bayanan CPAP. Za ta fara neman katin SD a jikin kwamfuta, ba za ta samu ba, sai ta ba ka damar nuna wuri da kanka. Nuna mata babbar foldar madubin, wadda STR.edf ke cikinta, ba DATALOG ba kuma ba foldar rana ɗaya ba. Za ta tuna wurin a karo na gaba, kuma sababbin kwanaki kaɗai za ta ɗauka.

Na fi son a nuna wa OSCAR foldar da ke kwamfuta a kan a nuna mata katin kai tsaye ta Wi-Fi, ko da hakan na yiwuwa. Idan sigina ta yanke ana tsakiyar shigarwa, ranar tana iya shiga rabi, gyaran kuma sai an goge ta daga manhajar an sake shigarwa.

Wani abu da ke ɗaure wa sababbi kai shi ne lissafin rana. A wurin ResMed rana tana farawa ne daga 12 na rana zuwa 12 na ranar gobe, don haka barcin da ka fara da ƙarfe 1 na daren Talata, wayewar Laraba, a ƙarƙashin Talata zai fito. Idan ka nemi foldar yau da safe ba ka gan ta ba, ta jiya ce kake nema.

A makon farko, kwatanta abin da OSCAR ta nuna da abin da ke fuskar na'urar: sa'o'in amfani da kuma AHI, wato adadin tsayawa ko raguwar numfashi a kowace sa'a. Ya kamata su zo ɗaya ko su yi kusa ƙwarai. Idan na'ura ta ce sa'o'i 7 OSCAR ta ce 4, wani rukunin fayiloli bai sauka ba. A ƙarshen makon kuma zare katin sau ɗaya, ka kulle shi, ka sa a kwamfuta, ka gwada adadin fayilolin DATALOG da na foldar madubi. Idan sun yi daidai, to tsarin ya zauna.

9. Sa aikin ya riƙa yin kansa

Ga FlashAir abu ne mai sauƙi. Yi amfani da manhajar da ke tayar da aiki a lokacin da aka sa mata, wato Task Scheduler a Windows, a Mac ko Linux kuma cron, ka tsara kwafin ya gudana sau ɗaya a rana, kamar sa'a ɗaya bayan lokacin da ka saba tashi. Kada ka tsara shi cikin dare. Lokacin na'urar tana rubutu a katin, fayilolin ba su kammala ba, kuma babu amfanin ɗora wa katin aiki biyu alhali numfashinka ake rubutawa.

Ga ez Share, damuwar ita ce kwamfuta mai Wi-Fi ɗaya ba ta iya zama a netwok biyu a lokaci guda. Mafita uku ce. Idan kwamfutar tana kusa da rauta, haɗa ta da kebul domin intanet, ka bar Wi-Fi ɗinta ga katin kaɗai. Idan ba ta kusa, sayi makalen Wi-Fi na USB ya zama na biyu, ka ware shi ga katin. Wanda ke da hannu a harkar kwamfuta kuma zai iya ajiye ƙaramar kwamfuta irin Raspberry Pi a ɗakin kwana, ta riƙa kwaso fayiloli daga katin tana ajiyewa a foldar da sauran kwamfutocin gida ke gani. Ta biyun ce na fi ba yawancin mutane shawara, saboda arha ce kuma ba ta buƙatar koyon sabon abu.

A kowane tsari, katin daga na'urar yake samun wuta. Idan kana cire filogin CPAP da safe, ko kana kashe soket, katin ya mutu ke nan har sai an mayar, kuma kwafin da ka tsara zai tashi a banza. Bar ta a jone har kwafin ya wuce. Yanayin jirgin sama da ke cikin saitin na'urar kuwa layin sadarwar na'urar kanta kaɗai yake kashewa, bai shafi Wi-Fi ɗin katin ba.

Idan abu ya ƙi

Idan sunan katin ya ɓace daga jerin Wi-Fi, cire filogin na'urar na daƙiƙa 30 ka mayar, wannan yakan tashe shi. Idan yana yawan faruwa ga ez Share mai gida, sau da yawa ƙaramin katin ne bai zauna da kyau ba ko kuma mara inganci ne, canja shi da na kamfani sananne. Idan FlashAir ya daina shiga bayan an canja rauta ko kalmar sirrin gida, sai an zare shi an gyara CONFIG, domin ba shi da wata hanyar sanin sabuwar kalmar. Idan na'urar da kanta ta nuna saƙon matsalar kati da dare, kada ka tsaya gyara a lokacin. Zare shi ka sa tsohon katin da ka adana, ka kwanta. Iskar ba ta dogara da kati ba, na'urar za ta ci gaba da aikinta ko da ramin babu komai, bayanin daren ne kawai ke cikin haɗari.

Ranar ganin likita, idan asibitin na karanta kati, ka sani cewa wasu manhajojinsu sukan yi rubutu a kansa, wani ma'aikacin ma yakan goge shi bayan ya sauke. Yi cikakken kwafi kafin ka fita, har da CONFIG ko fayil ɗin ezshare.cfg inda ez Share ke ajiye saitinsa. Kuma tunda yanzu alƙaluman suna gabanka kowace safiya, za ka fara lura da abubuwa: daren da yoyon takunkumi ya haura lita 24 a minti, wanda shi ne iyakar da ResMed ta sa, ko makon da AHI ya tsaya sama da 5. Gyaran zaman takunkumi da canja robarsa mai taushi da ke manne wa fuska aikinka ne. Matsin iska kuwa magani ne da aka rubuta maka, don haka idan zanen ya nuna maka abin da bai kwanta maka ba, fitar da rahoton kwanakin daga OSCAR a matsayin PDF, ka kai wa likitan da ke duba ka, ku duba tare kafin a taɓa lambar.